Matoshin Bindiga: Kimiyyar Tsumman da Ake Dakawa a Kan Albarushi

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su da nisa da gidan Sarki na Nasarawa da Gidan Gwamnati, saboda haka da wuya a sami ɗalibin waɗannan unguwanni da bai taɓa ganin 'yan bindigar Sarki suna aiki a ranar Hawan Nasarawa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kallo shi ne ƙara da hayaƙi. Amma wanda ya lura da yadda ake ɗura bindigar zai ga wani ɗan aiki da ake maimaitawa kafin kowane harbi: a zuba albarushi ta baki, a cusa ɗan tsumma ko takarda, sannan a sa dogon ƙarfe a daka. Wannan ɗan abin da ake cusawa shi za mu kira matoshi a cikin wannan maƙala. Ba shi da tsada, ba shi da kyan gani, kuma jama'a da yawa sun ɗauka cewa bindigar da ba a sa mata dalma ba, sai matoshi kawai, ba ta da wata illa. Wannan zato kuskure ne, kuma ilmin kimiyyar da ake koyarwa a sakandare ya isa ya nuna dalili.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Sarki Babba Zaki, na 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Irin bindigar da ta yaɗu a Afirka ta Yamma a waɗannan ƙarnoni ita ce doguwar nan da ake ɗurawa ta baki, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Denmak saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana. Mu kuma muna ce mata bindigar toka, ko adaka, ko harba-ka-ruga. Jikokinta ne ake bugawa a hawan Sallah, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma su ne a kafaɗar maharba da yawa.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Baƙin albarushi haɗi ne na abubuwa uku: wani gishiri da masana ke kira fotasiyam naitiret, kimanin kashi 75 cikin 100, da gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, gishirin kuwa shi ke ba da iskar oksijin, shi ya sa albarushi ke ci ko a inda iska ba ta shiga. Idan ya kama wuta, fiye da rabin nauyinsa yakan zama hayaƙi da dauɗa mai kama da toka. Ragowar ce ke zama iskar gas. Giram ɗaya na albarushi yakan ba da gas wajen santimita kubik 270 idan an auna shi a sanyaye, alhali shi kansa giram ɗin bai cika ƙaramin cokali ba. To, a cikin bindiga ba a sanyaye yake ba, zafinsa yakan kai wajen digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma mun sani cewa gas yana neman ƙarin wuri gwargwadon zafinsa. Idan bai samu ba, sai ya danni duk abin da ya kewaye shi. Wannan danniya ita ce matsi.

Ga ɗan lissafi da malami zai iya yi a allo. Bindigar farauta da ake kira mai lamba 12 tana da bututu mai faɗin milimita 18.5, wato fuskar ramin ta kai santimita murabba'i 2.7. A ce matsin da ke ciki ya ninka na iskar duniya sau 500, wanda bai wuce ƙima ba a irin wannan bindiga. Matsin iskar duniya ɗaya ya yi daidai da nauyin kimanin kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Idan aka ninka 500 da 2.7 za a sami 1,350. Ke nan abin da ke gaban gas ɗin yana shan turi kamar an ɗora masa ƙaramar mota. Don kwatance, iskar da ke cikin tayar mota ba ta wuce ninki 2 zuwa 3 ba.

Sai dai gas ba ya tura abu don yana so. Inda duk ya sami kafa nan zai bi. Wanda ya watsa albarushi a fili ya kunna, ba zai ji komai ba sai fuu da hayaƙi, domin gas ɗin ya sami sarari ta kowace fuska. Ƙarar da ake ji a wurin hawa tana samuwa ne saboda an tsare gas ɗin na ɗan lokaci har matsi ya taru, sannan ya kuɓuce gaba ɗaya ta bakin bindiga. Abin da ya tsare shi kuwa shi ne matoshi. Akwai kuma wani abu: albarushi yana ƙara saurin ci idan matsi ya ƙaru. Don haka matoshi mai kama jikin bututu sosai yana sa matsi ya hau, matsin ya sa wuta ta yi sauri, saurin ya ƙara matsi. Ɗan bindigar da ke ƙara daka don tasa ta fi ta abokinsa ƙara, da wannan ƙa'ida yake wasa ko bai san sunanta ba.

Ɗalibi ba ya bukatar bindiga kafin ya gane aikin matoshi. Ya tsaya wurin mai faci a bakin titin Zariya ya roƙi a kwance masa famfon keke. A ƙarshen sandar akwai 'yar fata ko roba mai siffar ƙoƙo. Idan aka danna, iska takan buɗa ƙoƙon ya manne da jikin famfo, ta yadda ƙarin matsi ke kawo ƙarin toshewa. In fatar ta bushe ko ta tsage, sai a yi ta bugu taya ba ta tashi. Baƙar robar da ke cikin sirinji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aikinta ke nan, haka ma ringin fistin da makanikai ke canzawa idan inji ya fara shan mai yana hayaƙi. Har wasan yara na bututun biro da ɓawon lemo duk ƙa'idar ɗaya ce: a toshe baki biyu da ɓawo, a tura na baya da tsinke, iskar da ke tsakani ta matsu, na gaba ya fita da ƙara. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ce ke aiki a nan, wato idan aka rage wa gas wuri matsinsa yakan ƙaru. A huda ɓawon baya da allura a sake gwadawa, za a ga bambanci.

Me ya sa tsohuwar bindiga ba ta iya rabuwa da shi

Bindigar da ake ɗurawa ta baki tana da wata matsala da ba ta da makawa. Dole ƙwallon dalma ya fi ramin ƙanƙanta, in ba haka ba ba zai shiga ba, musamman bayan harbi biyu ko uku idan dauɗar albarushi ta taru. Bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18 tana da rami mai faɗin kimanin milimita 19, harsashinta kuwa wajen milimita 17.5. A ido ratar ba komai ba ce. Amma a gwada da lambobi masu sauƙi: rami milimita 18, dalma milimita 17. Faɗin fuska yana tafiya ne da ninkin lamba da kanta, wato 324 da 289. Bambancinsu 35, kusan kashi 11 cikin 100 na ramin ke nan a buɗe. Ta wannan kafa gas zai riƙa wuce dalma yana tserewa. Matoshi shi ke rufe ta. Idan kuma ƙananan ƙwayoyin dalma aka zuba, irin na harbin zabi da fakara, abin ya fi muni, domin gas zai ratsa tsakaninsu kamar ruwa a rariya, zafinsa kuma ya narkar da wasu su manne. Shi ya sa maharbi ke sa matoshi biyu, ɗaya tsakanin albarushi da dalma don ya zama fistin, ɗaya a sama don kada ƙwayoyin su zube in ya sunkuyar da bakin bindiga.

Sojojin Turai sun sauƙaƙa wa kansu ta hanyar ƙunshe albarushi da harsashi a takarda ɗaya. Soja ya ciji takardar, ya zuba albarushi, ya cusa sauran. Takardar ta zama matoshi. Ana shafa mata kitse don ta yi santsi, kuma wannan kitse ya shiga tarihi: jita-jitar cewa ƙunshin bindigar Enfield ta 1853 an shafe shi da kitsen alade da na saniya tana cikin abubuwan da suka tunzura sojojin Indiya, Musulmi da 'yan Hindu, suka yi wa Ingilishi bore a 1857.

Daga nan masu ƙira suka shiga neman yadda harsashi zai toshe wa kansa hanya. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi. Yana shiga bututu cikin sauƙi, amma da gas ya buge shi sai gindin ya buɗe ya kama jiki, daidai da ƙoƙon famfon keke. Bayan haka aka sami kwanson tagulla da ake sawa ta baya. Tagulla tana kumbura ta manne da ɗakin harsashi a lokacin harbi, ta hana gas komowa fuskar mai harbi, sannan ta ɗan saki a zare ta.

Duk da haka matoshi bai ɓace nan take ba. Raifal, wato bindigar da aka yi wa murɗaɗɗun layuka a cikin bututu don harsashi ya riƙa juyawa, ta ci gaba da amfani da shi muddin baƙin albarushi ake sa mata. Harsashin Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1871, yana ɗauke da albarushi giram 5.5 da dalma giram 31, a tsakaninsu kuma akwai faifan kakin zuma da aka sa tsakanin faya-fayan kwali. Kwalin yana kare gindin dalma daga wuta, domin dalma tana da taushi kuma tana narkewa a digiri 327 kacal, gindi kuwa in ya lalace harsashi ya karkace. Kakin zuma kuma yana narkewa ya shafe bututu don dauɗa ta yi laushi. Hatta harsashin .303, wanda sojoji da 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna amfani da shi, an yi shekaru ana sa masa ɗan faifan kwali a kan albarushinsa.

Harsashin raifal na yau ba ya bukatar ko ɗaya. An lulluɓe dalmarsa da jan ƙarfe, kuma an yi shi ya ɗan fi ramin kauri da gangan. Misali, bututun da ake kira 7.62 yana karɓar harsashi mai kaurin kusan milimita 7.9, layukan ciki su nutse a jikinsa, babu sauran kafa. Inda matoshi ya wanzu shi ne harsashin bindigar farauta mai ƙananan ƙwayoyi, kuma tun shekarun 1960 roba ta maye gurbin kwali da gashin dabba a mafi yawansu. Likitocin binciken gawa suna amfana da wannan roba: faɗinta yana nuna lambar bindigar, samunta a cikin rauni kuma yana nuna cewa daga kusa aka yi harbin.

Zoben da ke fitowa a jikin ƙarfe

A Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson harsashinsa a gida, kuma a can ne aka fi muhawara a kan matoshi. Tushen muhawarar shi ne albarushi marar hayaƙi, wanda masanin Faransa Paul Vieille ya ƙirƙira a 1884. Ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka kaɗan ake bukata. Ɗauki tsohon harsashin Amurka na 1873 mai suna .45-70, wanda aka yi kwansonsa don ya ɗauki baƙin albarushi giram 4.5 cif, ba rata. Idan aka zuba masa sabon albarushi sai a bar wuri mai yawa fayau. Sai wasu su yi dabarar tura faifan kwali ko auduga har ƙasa don ya riƙe albarushin kusa da wurin kunnawa, a bar iska tsakanin matoshin da harsashi.

A nan ne dabara ke zama haɗari. Idan wuta ta kama, gas da matoshi sukan taso da gudu su ratsa wurin da babu komai, su tarar da gindin harsashi yana tsaye cik. Harsashi yana da nauyi, ba ya motsawa nan take. Gas ɗin da ke gudu sai ya taru a wuri guda, matsi ya yi tsalle a daidai wannan gurbi fiye da ko'ina, ya tura ƙarfe waje. Abin da ke biyo baya shi ne wani zobe a cikin ɗakin harsashi, wanda ke sa kwanso ya riƙa maƙalewa, ya kuma raunana bindigar har abada. Vieille da kansa ya yi nazarin irin wannan igiyar matsi, ya nuna cewa idan aka tara albarushi a gefe ɗaya na dogon ɗaki, matsin ba ya rarrabuwa daidai, yakan yi ta kai da komo kamar ruwa a cikin tankar da ta taka birki. Wanda ya taɓa jin bututun ruwa ya yi ƙara sa'ad da aka rufe famfo farat ɗaya ya ji ƙanen wannan al'amari.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar Amurkawa ce. A Nijeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, har ma bindigar toka sai da lasin ɗin 'yan sanda ake riƙe ta, kuma aikin ƙera harsasai na masana'antar tsaro ce da aka kafa a Kaduna a 1964. Amma ƙa'idar kimiyyar ba ta san iyakar ƙasa ba. Duk bindigar da ake ɗurawa ta baki, idan matoshi ko dalma ya tsaya a rabin hanya bai sauka kan albarushi ba, an sami rata irin waccan. Haka idan bakin bindiga ya caki laka, ko aka manta an ɗura aka sake ɗurawa. Akwai ma wanda ba a cika tunawa da shi ba: bindigar da aka rataye daga wannan Sallah zuwa waccan, zanzaro yana iya gina ɗakinsa na laka a cikin bututunta. Bindigar masana'anta takan kumbura a irin wannan hali. Ta maƙera kuwa, wadda sau da yawa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ake yin ta, ba a gwada ta da matsin da ya wuce ƙima ba kafin a sayar, kuma bututun ruwa yana da ɗinkin walda a tsawonsa. Ta nan yake tsagewa, a daidai inda hannun hagu ke riƙe.

Bindigar da babu dalma a ciki

Ƙarfin da abu mai gudu ke ɗauke da shi ya dogara da nauyinsa da kuma ninkin saurinsa da kansa. A ce matoshi giram 2 ne, ya fita da saurin mita 300 a daƙiƙa. Rabin 0.002 sau 300 sau 300 ya ba da jul 90. Wannan ya yi daidai da dutse mai kilo ɗaya da ya faɗo daga tsayin mita 9, wato saman bene mai hawa biyu ko uku, kuma duk ƙarfin ya taru a wuri mai faɗin kwabo. Gaskiya ne iska tana rage masa gudu da wuri saboda rashin nauyinsa, shi ya sa ba ya zuwa nesa. Amma a cikin 'yan mitocin farko yana iya fasa ido ko ya huda fata, kuma tare da shi akwai gas mai zafi da ƙwayoyin albarushin da ba su gama ci ba. Idan tsakuwa ta shiga cikin tsumman da aka tsinta a ƙasa, to an sami harsashi sosai.

Masu shirya fim sun koyi wannan da tsada. A Oktoban 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora ƙaramar bindiga mai harsashin wasa a gefen kansa ya ja kunama. Babu dalma a ciki, amma bugun ya fasa ƙashin kai ya tura ɓallinsa cikin ƙwaƙwalwa, ya mutu bayan kwana shida. A Maris na 1993 kuma Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da masu zuwa silima a Kano suka sani, ya mutu bayan harbin da ya same shi a wurin ɗaukar fim saboda wani kan harsashi da ya maƙale a bututu tun farko, harsashin wasa ya zo ya tura shi.

Saura wuta. Tsumma da takarda da auduga duk suna fita a kunne, su faɗi suna cin wuta a hankali ba tare da harshe ba. A lokacin hunturu, sa'ad da ciyawa da danni da rumfunan kasuwa suka bushe ƙayau, wannan ya isa. Wani lokaci kuma ɓurɓushin tsumman yakan rage a can ƙasan bututu da ɗan garwashinsa. Idan aka yi gaggawar zuba sabon albarushi a kai, sai ya tashi alhali hannun mai ɗuri yana bakin bindiga. Saboda wannan ne masu harba igwa a da suke goge cikinta da jiƙaƙƙen soso kafin kowane ɗuri, kuma saboda shi ne ƙwararren ɗan bindiga ba ya leƙa bakin bindigarsa, ba ya kuma zuba albarushi kai tsaye daga babban mazubi, sai ya auna kaɗan a wani abu dabam.

Ga malaman da ɗalibansu ke fita kallon hawa ko rakiyar ango inda ake buga bindiga, abin da ya kamata a gaya musu kaɗan ne. Su tsaya a bayan mai harbi, nesa da gabansa da kuma gefensa, domin bututu in zai tsage ta gefe yake watsuwa. Kada su ruga tsintar abin da ya faɗo. Idan kuma aka ja kunama bindiga ta ƙi tashi, wannan ne lokacin da yara suka fi matsowa don su ga abin da ya faru, alhali albarushin da ya ɗan jiƙa yana iya yin daƙiƙoƙi yana ci a ɓoye kafin ya tashi.